Garin Gyaran Gira: Nasiha Ga Samari Masu Son Tsofaffin Makaman Yaƙi

Ƙannena da 'ya'yana samarin Bauchi.

Wata sabuwar sha'awa ta shigo cikinku, kuma ni dai ta faranta mini rai. Kuna kallon bidiyo a waya, inda wani zai ɗauko wuƙar soja da tsatsa ta cinye, ya tsoma ta a ruwan magani, ya kai ta bakin inji, kafin ka ce kwabo ta fito tana ɗaukar ido. Daga nan wasunku suka shiga bin 'yan gwangwan da rumfunan tsofaffin ƙarafa suna tone-tone, wasu kuma suka tuna da tsohon takobin da ke rataye a ɗakin kaka, ko addar da ke ƙarƙashin gadon tsoho tun kafin a haifi iyayensu. Duk saurayin da ya ga ƙarfe mai tsatsa ya tsaya yana tambayar wa ya ƙera shi, wa ya riƙe shi, ya kama hanya mai kyau. Sai dai irin gyaran da bidiyon nan ke koya muku shi ne hanya mafi sauri ta hallaka abin da kuke ƙauna. Darajar tsohon makami tana cikin shaidar da ke jikinsa, kuma injin gurza ƙarfe yana shafe shaidar shekara ɗari a cikin minti biyar. Shi ya sa na ga ya kamata mu zauna mu yi magana tun ba a yi ɓarna ba.

Mu fara da sanin abin da ke gidajenmu. Malam Yakubu, wanda ya fito daga cikin Gerawa, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne. Ya karɓo tuta, ya kafa garin nan wajen 1809, ya kewaye shi da ganuwa, ya yi sarauta har rasuwarsa a 1845. A 1827 shi ne ya tare rundunar Shehu Laminu na Barno da ta doso Kano, ya mayar da ita. Bayansa, magadansa sun shafe kusan rabin ƙarni suna fafatawa da Ningawa a cikin duwatsu. Turawa sun shigo Bauchi a watan Fabrairun 1902, a watan Yulin 1903 kuma aka gwabza a Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, a ƙasar da ta daɗe cikin Lardin Bauchi kafin ta koma Jihar Gombe. Duk waɗannan yaƙe-yaƙe da takobi da mashi da kwari da baka aka yi mafi yawansu. Makaman ba su ɓace duka ba. Wasu suna fada, ana fito da su ranar hawan sallah. Wasu kuwa suna cikin tsofaffin gidajen da ke tsakanin Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti, ko Ƙofar Wase da Ƙofar Tirwun, a hannun jikokin da wani lokaci ba su ma san sunan mai su ba.

In Allah ya sa ka samu irin wannan takobi a hannunka, kada ka yi gaggawa. Shimfiɗa shi a kan tabarma a wuri mai haske, ka dube shi daga kai har tsini. Takobin ƙasar nan miƙaƙƙe ne, mai kaifi biyu. A tsakiyar ruwansa za ka ga kwari, wani lokaci guda ɗaya mai faɗi, wani lokaci uku sirara a jere. Tsininsa sau da yawa a zagaye yake, gefensa kuma ya sirance saboda wasawar shekara da shekaru. Mariƙinsa an naɗe shi da fata, kansa kuma an yi masa hula ta tagulla ko jan ƙarfe. Karkata shi ta yadda haske zai bi jikinsa a kwance. Ƙila ka ga wata alama ƙarama kusa da inda kwarin ya ƙare, kamar jinjirin wata guda biyu masu fuska, ko zanen wata dabba tana gudu, ko wasu haruffan boko da suka kusa shafewa.

Waɗannan alamomi su ne takardar shaidar takobin. Yawancin ruwan takubban da aka yi yaƙi da su a ƙasar Hausa daga Turai aka kawo su, musamman daga garin Solingen na ƙasar Jamus, suka ratso Sahara a bayan raƙuma. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi wajen 50,000 a shekara, yawanci daga Solingen. A nan gida maƙera da dukawa ke sa musu mariƙi da kube da hamila. Ka ga ke nan takobi ɗaya yana ɗauke da aikin maƙerin Jamus, da wahalar fatake, da gwanintar majemin da ya jeme fatar da bagaruwa ya rina ta da karan dafi, da hannun badukun da ya ɗinka ta. Maƙeranmu ma sun ƙera nasu da ƙarfen tama, har sukan buga irin alamar watan nan a jiki, don haka alama ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba. Amma in ka shafe ta, ka rufe ƙofar bincike gaba ɗaya. Wani masani, A. D. H. Bivar, ya bi fadojin Arewa yana nazarin irin waɗannan makamai, ya fitar da littafinsa Nigerian Panoply a 1964, kuma da irin waɗannan 'yan alamomi da rubuce-rubuce ya dogara wajen gano asalin kaya. Takobin Gajere na Katsina da takobin da ake dangantawa da Bayajida a Daura ba sheƙi ya ba su daraja ba. An san labarinsu, an kuma bar su yadda suke.

Kashi na biyu na abin da ke gidajenmu shi ne kayan mazan jiya. Kakanninmu da yawa sun shiga sojan Turawa. Sun yi yaƙi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sun yi a Gabashin Afirka, sa'an nan a Yaƙin Duniya na Biyu aka kai su Habasha, daga baya aka haɗa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka tura su Bama su kara da sojan Japan. Hausa ce harshen bariki a lokacin, kuma 'yan Arewa ne suka cika bataliyoyin Najeriya. A 1944 Runduna ta 81 ta shiga kwarin Kaladan, inda babu hanyar mota, kaya a ka ake ɗauka, abinci kuma jirgin sama ke jefowa. Da adda da diga da shebur suka sare daji suka fitar da hanyar jif mai tsawon fiye da mil 70. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka kama Myohaung. Sunayen barikokin Dalet a Kaduna, da Dodan a Legas, da Chindit a Zariya duk daga wancan yaƙi suka samo asali.

To, wuƙar sojanmu ta wancan yaƙi ita ce adda. Kuna ganin wuƙar kwamandan Ingila mai siririn tsini da kamfanin Wilkinson Sword ya fara ƙerawa a 1941, da Ka-Bar ta sojan ruwan Amurka, kuna ta mafarkin samun irinsu. Da wuya ku gamu da na gaskiya a nan, in ma an nuna muku a kasuwa, ku fi kyautata zaton kwaikwayo ne. Abin da ya fi yiwuwa ku samu a gidan tsohon soja shi ne adda mai faɗin baki, da ƙota da aka ɗaure da ƙusoshi, da kube na fata mai kauri ko na tamfol. Duba gindin ruwanta, daf da ƙota. A nan ake buga sunan kamfani, kamar Martindale na Birmingham mai tambarin kada, wani lokaci da shekarar ƙira, da wata 'yar alama mai layi uku da suka haɗu a sama kamar kan kibiya. Wannan ita ce alamar kayan gwamnatin Ingila. Takan zo ƙarama ƙwarai, kuma ba ta da zurfi. Shafa ɗaya ta inji ta isa ta tafi da ita, addar Bama ta koma addar saran itace da ba a bambanta ta da ta kasuwar Muda Lawal. Haka nan za a iya samun wuƙar bakin bindiga, ta zamanin Turawa ko ta Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, ita ma lambobinta a gindi suke.

Yanzu sai maganar saye. Tambayar farko da za ka yi wa mai sayarwa ita ce: daga ina kayan nan ya fito? In ya fara kame-kame, ka yi masa sallama. Akwai dalilai uku.

Na farko, gado. Takobin kaka ba na jika ɗaya ba ne. Dukiyar magada ce, maza da mata, har da waɗanda ke aure a wani gari da marayun da ba su san da shi ba. Sau da yawa yaro ne ke zare shi daga ɗakin tsohuwa a ɓoye, ya kai wa dillali don kuɗin waya ko na cefanen sallah. Wanda ya saya a hannunsa ya sayi haƙƙin mutane, kuma ranar da dattawan gidan suka farga, fitinar da za ta tashi ta fi ƙarfin kuɗin da aka biya. Kai ma in naku ne, kada ka taɓa shi da sunan gyara sai ka nemi izinin manya.

Na biyu, doka. Da yawa daga cikinku ba su san cewa dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta sa kayan aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi ba, har da makamai. Dokar ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya sai ta hannun wakilin da hukuma ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Saboda haka takobin zamanin Yakubu ko na yaƙin Ningi ba hajar da za ka saka a intanet ba ce kana jiran mai dala. In kana shakka a kan wani abu, ma'aikatan hukumar suna nan, Gidan Tarihi na Jos da aka buɗe tun 1952 bai yi nisa ba, ka je ka tambaya. Ku tuna kayan Benin da aka kwashe a 1897: sai a Disambar 2022 Jamus ta dawo da kashin farko na nata, bayan shekaru da yawa ana roƙo. Abin da ya tsallaka teku dawowarsa sai an sha wuya. Game da kayan soja na yanzu kuwa, wuƙar bindiga ko wani abu da ake amfani da shi a bariki a yau, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Kayan gwamnati ne, kuma bayanin yadda ya zo hannunka ba zai yi maka daɗi ba.

Na uku, jabu. Tun da aka gane akwai masu neman tsohon kaya, aka samu masu tsofar da sabo. A ƙera takobi da sifirin mota, a shafe shi da gishiri ko ruwan batir, a binne shi a ƙasa mai laima na 'yan makonni, a tono shi a ce na Burmi ne. Ana gane shi in an natsu. Tsatsar jiya ja ce jawur, ta bi ko'ina daidai wa daida, tana kuma zuba in an shafa. Tsufan gaskiya baƙi-baƙi ne, a lafe yake a jikin ƙarfe, kuma ba ya zuwa bai ɗaya: inda hannu ke yawan taɓawa ya yi sulɓi, inda kube ya rufe ya bambanta da inda iska ke bugu. Duba fatar mariƙi, in ta tsufa da gaske za ka ga gurbin yatsu. Duba ɗinkin kube, zaren roba bai san zamanin Yakubu ba. Sabon takobin da maƙeri ya ƙera don hawan sallah ba laifi ba ne, sana'a ce mai kyau da ya kamata a ƙarfafa, ka saye shi a matsayin sabo a kuɗin sabo. Laifin yana ga wanda ya laƙaba masa shekarun da bai yi ba. Kuma kada ka tura kuɗi a kan hoto kawai, wannan cinikin biri a sama ne. Ka riƙe kaya a hannu, ka juya shi, in da hali ka tafi da tsohon maƙeri ya duba maka, don idonsa na ganin abin da naka ba ya gani.

Kada kuma ka shiga harkar nan da tunanin yin arziki. Addunan soja an ƙera su da yawan gaske, ba kayan tsada ba ne ko a Turai. Masu tara irin waɗannan kaya a duniya sun fi biyan kuɗi a kan wanda ba a taɓa ba, da tsatsarsa da tabonsa, a kan wanda aka goge ya yi fes. Wato mai gurza tsohon makami yana asara biyu, ta tarihi da ta aljihu.

Mu zo kan gyaran kansa, wanda shi ne zuciyar maganar. Manufar gyara guda ɗaya ce: a tsayar da lalacewa. Ba a neman mayar da tsoho yaro. Ƙa'idar da masu kula da gidajen tarihi ke bi ita ce a yi mafi ƙarancin abin da ya wajaba, kuma kada a yi abin da ba za a iya warwarewa ba.

Kafin ka sa masa ko ɗigon mai, ɗauki hotonsa gaba da baya, da kowace alama a kusa, ka auna tsawonsa da faɗinsa ka rubuta. Sa'an nan ka kaɗe ƙura da busasshen buroshi mai laushi. Ka bambance tsatsa iri biyu. Ja mai garin nan ita ce mai rai, tana ci gaba da cin ƙarfe, ita za ka yaƙa. Baƙar da ta lafe kuwa ta riga ta mutu, har kariya take ba ƙarfen, ita ce launin tsufansa, ka bar ta. Ɗiga man keken ɗinki a kan jar tsatsar, ka bar shi ya kwana ya jiƙa ta. Washegari ka sa tsinken itace ko ɗan guntun tagulla, wato abin da bai kai ƙarfen tauri ba, ka riƙa ɗaga ɓawon a hankali. Goge da tsumman auduga, za ka ga tsumman ya yi ja. Ƙara mai, sake bari ya kwana. In ta kama dole, ka sa soson ƙarfe mafi laushi da mai, ka bi tsawon ruwan, ba a kwance ba, kuma ka kauce wa wurin alama. Aikin zai iya cin mako biyu ko fiye. Ranar da tsumma ya daina yin ja, aiki ya ƙare, ko da ƙarfen bai yi haske ba. Ramukan da tsatsa ta riga ta haƙa za su zauna, ka haƙura da su. Daga nan ka share man, ka shafa kaki siriri ka murza da tsumma. Gidajen tarihi suna da kakinsu na musamman, amma tataccen kakin zuma ma yana toshe iska da laima.

Abubuwan da za ka guje wa sun fi waɗanda za ka yi yawa. Kada ka kai shi wurin mai walda. Dutsen inji yana cin ƙarfe da alama tare, zafinsa kuma yana kashe taurin da maƙeri ya ba ruwan; in ka ga bakin ƙarfe ya yi shuɗi a ƙarƙashin inji, to an gama da shi. Kada ka sa samfefa mai kaushi. Kada ka jiƙa shi a ruwan batir ko ruwan tsami ko lemun tsami, suna cinye tsatsa su ci ƙarfe, su bar shi fari fat da ƙuraje, kuma tsatsar da za ta biyo baya ta fi ta farko. Kada ka shafa man gyaɗa ko man ja, suna daskarewa su yi danƙo su kama ƙura. Baƙin mai na mota ma datti ne. Kada ka wasa shi, ba yanka za ka yi da shi ba. In tsini ya karye, a bar shi a karye. In akwai giɓi a kaifi, kada a cike, kada a share. In ƙota tana girgiɗi, kada ka cire ta ka sa sabuwa, domin ƙotar da hannun kakanka ya lasa ta fi wadda kafinta zai feƙe maka yau. Wannan shi ne inda Bahaushe ke cewa garin gyaran gira a rasa ido.

Fata tana da nata hukunci. Tsohon kube ba ya son ruwa, ba ya son man takalmi, ba ya son a lanƙwasa shi. Kaɗe masa ƙura kawai. In ya yage har ba ya riƙe takobi, kai wa baduku ya ɗinka sabo a kan fasalin tsohon, amma tsohon ka adana shi a gefe, kada a jefar. Koren dattin nan da ke taruwa inda tagulla ta haɗu da fata, ka cire shi da tsinke da busasshen tsumma. In akwai laya ko wani ƙulli a jikin mariƙi ko hamila, kada ka farke don son ganin ciki. Yana cikin tarihin abin, ya nuna yadda mutanen lokacin suke.

Wurin ajiya ya fi gyara muhimmanci, musamman a yanayin garin nan. Daga Mayu zuwa Satumba laima ke cika ɗaki, a watan Agusta har bango yakan yi gumi. Fata tana shan wannan laima ta riƙe, saboda haka takobin da aka bari cikin kube duk damina a cikin jiƙaƙƙen mayafi ya kwana. Ajiye ruwan daban, kube daban, a kan katako, nesa da ƙasa da jikin bango, inda iska ke ratsawa. Kada ka ƙunshe shi a leda, tana tara gumi. Da hunturu kuma fata ke bushewa ta tsage, sai a nisanta ta da rana da wurin wuta. Gara ba ta cin ƙarfe, amma takan gama da ƙota da kube a ɓoye. Ka duba kayanka a farkon damina da ƙarshenta. Duk lokacin da aka taɓa ruwan da hannu, a goge, domin gishirin gumi yana barin hoton yatsa da tsatsa.

Akwai gyaran da ya fi duk waɗannan, kuma ba ya bukatar mai ko kaki. Shi ne rubuta labari. Ƙarfe yakan jira, tsofaffi ba sa jira. Waɗanda suka je Bama sun kusa ƙarewa, tunda yaƙin ya ƙare a 1945, amma 'ya'yansu da wasu daga matansu suna nan, mazan jiyan Basasa ma suna nan. Je ka durƙusa gaban kakarka ka ce, "Iya, addar nan ta wane ne? Yaushe Malam ya dawo? Me yake cewa game da can?" Kunna rikoda a wayarka, ka bar ta ta yi magana, kada ka katse ta. Nemi littafin sallamarsa daga soja, a nan lambarsa da bataliyarsa suke. Lambar yabo ta Tauraron Bama galibi ba a rubuta sunan mai ita a jiki, don haka takarda ce ke haɗa ta da mutum. Wanda kakansa bai dawo ba, yana iya neman sunansa a shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, domin akwai sunayen 'yan Najeriya da yawa a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. Mai son zurfafawa, takardun Lardin Bauchi suna Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Abin da ka samu ka rubuta a takarda, ka ajiye tare da makamin, ka ba 'yan'uwa kwafi. Ka rarrabe abin da aka tabbatar da abin da aka ji. Kada ka ga giɓi a kaifi ka ce kan abokin gaba ne ya yi shi, alhali wataƙila icen girki ne. In wata rana kayan zai bar hannunka ta halattacciyar hanya, ka faɗi duk abin da ka yi masa, har sabon kuben da ka sa. Ɓoye aibin haja ha'inci ne, addini ya hana.

Saura kashedi, kuma ina so ku buɗe kunne. Garin nan ya sha wahalar 'yan sara-suka, iyaye da yawa sun yi kuka. Jami'in tsaron da ya tare ka da dare da adda a cikin riga ba zai tsaya duba tambarin kada ba. Makamin tarihi a gida yake zama. Ba a zuwa da shi majalisa, ba a zuwa da shi gangamin siyasa, ba a ɗaukar hoto da shi ana zare ido a Facebook ko TikTok. In dole ka kai shi wurin maƙeri ko gidan tarihi, naɗe shi da kyau, ka tafi da rana, da sanin wani babba. A gida kuma a sa shi inda hannun yara ba ya kai. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, ya hana a miƙa wa juna takobi a zare, ya kuma umarci mai wucewa da kibau a kasuwa ko masallaci ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Wannan ladabi ya isa ƙa'ida ga duk mai ajiye makami.

Ku kula da lafiyarku ma. Tsohuwar kibiya ba abin wasa ba ce, domin dafin kwankwani da ake shafa mata yana iya daɗewa da ƙarfinsa, kada a taɓa bakinta da hannu. In tsohon ƙarfe ya yanke ka, wanke wurin da sabulu ka je asibiti a duba maganar allurar rigakafin sarƙewar haƙora. In kuwa tone-tonenku ya kai ku ga tsohon harsashi ko gurneti ko wani abu mai kama da bam, kada ku ɗauka, kada ku ƙwanƙwasa, ku sanar da hukuma. Tsufa ba ya kashe irin waɗannan, ƙara musu haɗari yake yi.

Ƙannena, ban rubuta wannan don in sanyaya muku gwiwa ba. In hannunku na ƙaiƙayin aikin inji da gogewa, ku sayi tsohuwar addar gona ko wuƙar mahauta ku koya a kanta, ko ku je maƙera ku durƙusa ku koyi ƙira daga tushe, masu sana'ar suna neman magada. Amma abin da ya ga yaƙi, ku tausaya masa. Ku je hubbaren Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ku ga yadda 'yan kayan da mutum ya yi amfani da su ke riƙe mutane a tsaye don kawai an san na wane ne. Ku shiga ɗakunan kakanninku a wannan makon, da izininsu, ku ga abin da ke rataye, ku ɗauki hoto, ku yi tambaya, ku rubuta. Wanda gidansu ba zai iya kula da abin da ya gada ba, ya shawarci dattawa a kai shi fada ko gidan tarihi a ajiye da sunan gidan, ya fi a sayar wa ɗan gwangwan a kan kilo. Allah ya jiƙan mazan jiya, ya ba mu zaman lafiyar da makami zai zama abin kallo kawai, ya kuma yi muku albarka.